Hon Sau Biyu

Wata uku da tasowata daga Jalingo,
ban gama kwance kwalaye ba,
turmi da taɓarya na nan cikin buhu,
sai ga mai farin kaya a bakin titin Zariya
ya leƙo ta taga, ya juya takardata gaba da baya,
ya ce, "Hajiya, wannan ta can ce, kuma wa'adinta ya cika.
Ki kai ta a duba lafiyarta."

Motar Baba ce.
Ta girmi 'yata ta fari da shekara tara.
Fentinta ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki,
ƙofar baya ba ta buɗuwa sai an lallashe ta da gwiwa.

Na kai wa Sallau bakanike a Ƙofar Ruwa.
Ya kasa kunne ga injin, ya daɗe bai ce uffan ba,
sannan ya fara lissafi da baƙaƙen yatsu:
birki ya cinye, fitilar hagu ta makance,
wayifa guda ɗaga hannu kawai take, ba ta share komai.
Na ce nawa? Ya faɗa.
Na ce, Sallau, ka ji tsoron Allah.
Ya ce, "Tsoron Allahn ne ya hana ni cewa a sauke injin."
Rabin albashina ya bi baƙar leda ya tafi.

Ran Talata tun bakwai ina layi.
Gabana a-kori-kura mai tari kamar tsohon mashayin taba,
bayana wata 'yar yayi, ko ledar kujera ba a ɓare ba.
Na sayi ƙosai na kasa ci.
Ni da ke yi wa yara jarrabawa shekara goma sha shida,
yau tafin hannuna ke gumi a kan sitiyari.

Tanimu sunansa, na gani a ƙirjin rigarsa,
biro a bayan kunne, ba ya dariya.
"Kunna. Kashe. Taka birki.
Sigina dama. Hagu. Sake takawa."
Ya sauka rami, ya haska cikinta da tocila,
na ji kunya kamar baƙo ya ɗaga mini katifa.
Safaya? Akwai. Jak? Akwai.
Abin kashe gobara? Ga shi, farashinsa ma na manne a jiki.

Sai ya ce, "Danna hon."

Na danna sau biyu, gajeru, a jere.
Ban yi niyya ba.
Haka Baba ke yi in ya iso ƙofar gida bayan la'asar,
ni da Larai mu kwasa a guje ba takalmi,
kowa na son ita ta zare sakata,
lemon Benuwai na birgima a kujerar baya.
Shekara huɗu da binne shi,
ashe hannuna bai samu labari ba.

"Sau ɗaya ya isa, Hajiya."
Na ce to,
na shiga gyara madubin da ba abin da ya same shi.

Ya hura wa hatimi iska, ya buga.
"Ta ci. Tsohuwa ce, amma ba ta da ha'inci.
Sai baɗi in da rai."

Na ninke takardar na sa a aljihun gaba,
kusa da tsohon tabaran Baba mai ƙafa ɗaya.
Garin nan ya karɓi motar kafin ya karɓe ni.
A hanyar komawa na sake ɓata a Gadon Ƙaya,
sai da mai adaidaita ya nuna min Ɗorayi da leɓe.

Na isa gidan haya, rana ta take tsaka.
Ba mai jirana, 'yata na makaranta.
Duk da haka na danna, sau biyu.

Wani yaron maƙwabta ya ajiye garensa,
ya rugo ya tura get da kafaɗa.
Wata uku ina wuce shi.
Na sauke gilas na ce, kai, yaya sunanka?